KWAMFUTA NA NUNA YADDA WASU KE GANIN JA DA KORE

Kowane mako manyan motoci kan tashi daga kasuwar shanu ta Mubi, cikin Jihar Adamawa, su nufi Ikko da Fatakwal da sauran garuruwan Kurmi. A cikin direbobi da fataken da ke bin wannan hanya ba a rasa wanda ja da kore ke rikita shi, alhali kuwa yana gani garau. Wannan shi ake kira makantar launi, kuma sau da yawa mai ita bai ma san yana da ita ba.

A cikin idon ɗan Adam akwai ƙwayoyi iri 3 masu tantance launi. Idan iri ɗaya ya yi rauni ko babu shi, sai wasu launuka su haɗe. Galibi gadonta ake yi ta wajen uwa, kuma ta fi kama maza. A cikin Turawa takan sami namiji 1 cikin 12, mace kuwa 1 cikin 200, amma a Afirka ba ta kai haka yawa ba. Wani masani na Ingila, John Dalton, ya yi bayanin tasa a 1794. A 1917 kuma wani likitan Japan, Ishihara, ya fito da katunan gwaji masu ɗige-ɗige, waɗanda har gobe ake aiki da su a asibitocin ido.

To, amma zuwan kwamfuta ya sauƙaƙa wa mai lafiyar ido sanin abin da ɗan'uwansa ke gani. Kowane hoto na waya ko kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne, kowane ɗigo kuwa haɗin ja ne da kore da shuɗi. A 1997 wasu masana uku, Brettel da Viénot da Mollon, suka buga lissafin da ke juya waɗannan ɗigo su koma yadda mai makantar launi ke ganinsu. Yanzu irin wannan dabara tana cikin wayoyin Android da manhajar Photoshop. Idan aka ɗauki hoton kwandon tumatir aka juya, sai nunanne da ɗanye duk su koma wajen ruwan ƙasa, shuɗi kuwa yana nan yadda yake.

Abin ba na wasa ba ne. Direba a Ikko yana bin danja ne, don haka sai ya riƙe cewa ja na sama, kore na ƙasa. Sababbin takardun kuɗi na 2022 kuwa, ta Naira 200 ja ce, ta 500 koriya, saboda haka falke ya dubi lamba kafin ya miƙa. Haka nan ɗalibin aikin lantarki a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Mubi da launi yake gane wayoyi. Matuƙan jirgin sama da na ƙasa ma sai an gwada su kafin a ɗauke su aiki.

Wadda aka gada dai ba ta da magani, amma sanin ta yana hana hasara. Iyaye su kai yaro gwaji kafin ya zaɓi sana'a, su daina ce masa daƙiƙi don ya kasa bambance launi. Wanda kuwa abin ya same shi da girmansa, ya hanzarta ganin likita, domin ciwon sukari da hawan jinin ido kan jawo haka.