Shan-Inna: Yadda Aka Gano Asalinta, Aka Ci Ƙarfinta

Duk wanda ya taɓa ganin saurayi majiyi ƙarfi a ƙofar masallacin Juma'a, yana jan jiki da hannuwa sanye cikin silifa, ƙafafunsa sun zama kamar sillen kara, to, ya ga aikin cutar da kakanninmu suka raɗa wa suna shan-inna, domin a zatonsu aljana ce, Inna, take shanye ƙafar yaro.

Haƙiƙanin al'amarin bai bayyana ba sai a shekarar 1908, sa'ad da Karl Landsteiner da Erwin Popper, masana biyu a ƙasar Ostiriya, suka tabbatar da cewa sababin cutar wata ƙwaya ce daga jinsin bairos, wadda saboda ƙanƙanta madubin likita na wancan zamani bai iya riskarta ba. Sannu a hankali aka fahimci hanyarta: takan fita cikin bahaya, ta gurɓata ruwa ko abinci, ta hayayyafa a hanji, galibin yaran da ta shiga jikinsu ko alama ba su nunawa, amma a kimanin ɗaya cikin 200 takan kai ga lakarsa, ta halaka jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓi, kuma ƙafar da ta shanye, har yau babu maganin da ke dawo da ita.

Saboda haka himmar masana ta koma ga rigakafi. Jonas Salk na Amurka ya fito da allura a 1955, Albert Sabin ya biyo baya da ɗigon da ake ɗiga wa yaro a baki. A 1988, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura aniyar kawar da cutar, tana naƙasa yara wajen 350,000 kowace shekara. Mu kuwa sai da shubuha ta shiga tsakaninmu a 2003, aka dakatar da rigakafi a Kano, annobar ta tsallaka har Indonesiya. Amma da sarakuna da malamai suka tsaya tsayin daka, aka bi gida-gida ana ɗiga magani, ana shafa wa yaro tawada a farce, sai ga shi tun bayan waɗanda ta kama a Borno a 2016 ba a ƙara ganin nau'inta na asali a Najeriya ba, har aka bai wa Afirka shaidar kuɓuta ran 25 ga Agusta, 2020.

Sai dai nau'in nan yana nan a Afganistan da Pakistan, wani nau'in kuma yakan ɓulla duk inda aka yi sakaci. Don haka, ya kai mai gida, idan masu rigakafi suka yi sallama, fito musu da 'ya'yanka, domin riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma yaro amana ce a wuyanka.