Hawainiya Ba Ta Sha A Kasko

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in gargaɗi samarin da ke kiwon hawainiya cikin akwati. Ba ta cika shan ruwan kasko ba, raɓar da ke bisa ganye take lasa. Ashe ganyen nan shi ne moɗarta. Kada a dasa mata tumfafiya ko tinya, gama nononsu dafi ne. Tawa ta mutu bara, don na sayo shuka a kasuwa ban wanke maganin ƙwarin da aka fesa mata ba. A dasa yakuwa ko rama, a wanke ganyen sarai, a riƙa yayyafa ruwa mai tsabta safe da yamma. Damo kuwa yakan yi kashi cikin ruwansa, sai a sake masa kullum.