Shin Ko Kun San? Tsakanin Kaba da Kofin Shayi a Boɗinga da Shagari

Shin ko kun san itaciya guda tana iya ba mutum abin kurɓa, ta kuma ba hannunsa abin yi? Goruba ke nan. Ɓawon 'ya'yanta ake farfasawa a tafasa a sha da ɗumi, kabarta kuwa ita ce tabarma, ita ce mafici, ita ce igiya da malfar manomi. Wanda ya bi titin da ya fito daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal, in ya tsaya a kasuwa ranar cinta, zai ga abubuwan nan biyu kusa da juna: mai tabarmi a nan, mai kayan ƙamshi da saiwoyi a can. Shayin gorubar da 'yan birni ke yayi yanzu kuma tsohon zance ne. A kabarin Fir'auna Tutankamun da aka gano a Masar a 1922 an tarar da kwanduna na goruba, guzurin da aka ajiye masa fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Har gobe Misirawa na jiƙa ta suna sha.

Shin ko kun san Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, daga wajen 1810 zuwa 1815, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817? Wannan kam da yawa sun sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ruwayar masu tarihi cewa tufkar igiya ce sana'ar hannunsa, da ita yake neman abin sakawa a baka. An fi kawo labarin don nuna gudun duniyarsa, kuma haka ɗin ne. Sai dai duk wanda ya taɓa tufka ya san wani abu kuma: da zarar hannu ya saba, shi kaɗai yake tafiya, baki ya samu damar zikiri, zuciya ta kwanta.

Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya zauna a garin Boɗinga kafin ya tare a Gwandu, waƙa ce wurin sauke nauyin ransa. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa na Larabci cikin littafin Tazyinul Waraƙat, yana kawo waƙa yana faɗin abin da ya sa ya yi ta. Akwai murnar nasara a ciki, akwai makokin abokan da suka kwanta dama a fagen fama, akwai kuma ɓacin ransa ganin wasu sun karkata ga mulki da tara dukiya, ɓacin ran da ya taɓa sa shi barin jama'a ya kama hanyar gabas, sai a Kano aka tsayar da shi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ma idan mutuwa ta yi mata yankan ƙauna alƙalami take ɗauka. Ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo.

Shin ko kun san shi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafan magani? Yana da na ciwon ido, yana da na basir, yana da wanda ya keɓe wa filasko, ganyen nan da ake jiƙawa don wanke ciki. Yau in kun ɗauki kwalin shayin rage tumbi da ake talla a kanti kuka karanta bayansa, sau da yawa ɗan'uwan filaskon ne a ciki, an sa masa riga an ninka kuɗi.

Shin ko kun san zaɓaɓɓen shugaban Najeriya na farko mai cikakken iko marubucin waƙa ne? Alhaji Shehu Shagari, da aka haifa a garin Shagari ranar 25 ga Fabrairu 1925, malamin makaranta ne kafin siyasa ta ɗauke shi. A 1948 ya tsara Waƙar Najeriya, ya zuba labarin ƙasa da tarihi cikin baitocin Hausa don yara su haddace ba tare da bulala ba. Ya mulki ƙasar daga 1 ga Oktoba 1979 zuwa 31 ga Disamba 1983. Bayan an tsare shi an sake shi, ya koma mahaifarsa, daga baya ya rubuta tarihin rayuwarsa da ya fito a 2001. A Shagari aka binne shi bayan rasuwarsa ranar 28 ga Disamba 2018.

To, me likitoci suka ce game da aikin hannu da waƙa? A 2016 masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka sun ba mutum 39 takarda da alƙaluman launi da yumɓu, suka ce kowa ya ƙirƙiri abin da ya ga dama na minti 45. Da aka auna yawunsu, kusan kashi 75 cikin ɗari sinadarin kotizol ya ragu a jikinsu, wato sinadarin da ke hauhawa in mutum ya shiga matsi. Abin da ya fi burge ni shi ne gwani da ɗan koyo duk sun amfana. A 2013 an wallafa wani bincike da ya tambayi masu saƙar ulu fiye da 3,500 daga ƙasashe daban-daban, mafi yawansu suka ce saƙar na sa su natsu. A 2019 kuma ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoton da ya tattara bincike sama da 3,000 kan yadda zane da kiɗa da waƙa da aikin hannu ke taimakon lafiya. Tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ma, sojojin da ƙarar igwa ta rikita wa tunani, saƙar kwando da surfani aka riƙa koya musu a asibitocin Ingila.

Bature ya ware wa irin wannan aiki suna da lokaci, ya ce abin sha'awa ne na bayan tashi daga ofis. Bahaushe bai ware ba. Mai ɗinkin hula a gindin dogon yaro yana zare da allura, yana hira, yana sauraron rediyo, in ya gama ya kai kasuwa. Matan kulle da faifai da lalle da kitso haka. Masu daka suna lugude, mai niƙa tana rera abin da bakinta ba zai iya faɗa wa kishiya ido da ido ba. A ganina wannan ya fi na Baturen, domin an huta kuma an samu na cefane. Inda matsalar take, yau wayar hannu ta ƙwace yatsun da ke riƙe allura. Kakata in ranta ya ɓaci ba ta cewa uffan. Mazarinta take jawowa da ɗan alli, ta yi ta kaɗi har abawa ta taru. Mu jikoki mun san in mazari na juyawa da sauri, ba lokacin roƙon ƙuli-ƙuli ba ne.

Mu koma ga kofi. Shin ko kun san kalmar shayi baƙuwa ce? Daga Larabci muka are ta, Larabawa kuma ta iso musu ne ta hanyar fatake daga Sin, inda ake ce wa ganyen ca. Waɗanda ganyen ya je musu ta teku a jiragen Holan sun ɗauki wani lafazin na bakin gaɓar Sin, shi ya zama ti. Bahaushe ya haɗa duka biyun, ya ƙara nasa: ruwan zafi, in kuma babu madara, ruwan bunu. Kanumfari da girfa da na'a-na'a da sukari duk sunayensu na Larabci ne, shaida ce ta hanyar da suka biyo. Shi kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunusiya, sai daga baya Zanzibar da Pemba suka yi suna da shi. Citta kuwa tamu ce a noma, kudancin Kaduna ne gidanta, wajen Kaciya da Jaba.

Cikin ganyen shayi mafi tsufa da aka tono akwai wanda aka samu a kabarin wani sarkin Sin mai suna Jing, wanda ya mutu shekara 141 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihissalam. Wajen shekara ta 760 wani Basine, Lu Yu, ya rubuta littafi sukutum kan shayi kaɗai. Koren shayin nan mai kumfa da Buzaye ke dafawa a 'yar buta kan gawayi, zagaye uku, na farko da ɗaci na ƙarshe da zaƙi, sai a ƙarni na 19 ya bazu a Sahara ta hanyar Maroko. A Najeriya ma ana noman shayi, a Kakara da ke tsaunin Mambila a jihar Taraba.

Amma fa in za a bi ƙa'ida, shayi ganyen itaciya ɗaya ne tak. Sauran duk da muke tafasawa, jiƙo ne da tsimi da dafe-dafen da kakanni suka sani tun ba a ga buta ba. Ɗauki yakuwa, wadda Basakkwace ke kira sure. Ganyenta miya, 'ya'yanta gurguzu ana daddawar batso da su, ɓawon karanta ana igiya. Jan abin nan da ake yin soɓo ko zoɓo da shi kuma ba fure ba ne, kofin da ke rungume da 'ya'yan ne. Masar da Sudan suna ce masa karkade, Sanagal da Nijar bisaf, mutanen Jamaika da shi suke bikin Kirsimeti, Meziko kuwa ita ce babbar mai sayen wanda Najeriya ke fitarwa, mafi yawansa daga Jigawa. A 2010 Jami'ar Tufts ta Amurka ta wallafa gwajin da ta yi da mutum 65 masu alamun hawan jini. Waɗanda suka sha kofi uku kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki bakwai. Ba a ce a antaya masa sukari rabin kofi ba, yadda muke yi.

Shin ko kun san gezar da ke cike da fakon ƙasar Hausa, wadda muke kwando da makamashi da ita, ita ce kinkeliba da mutanen Sanagal da Mali ke ɗaurewa dami-dami suna sayarwa, su yi karin kumallo da ita, su yi buɗa-baki da ita a watan azumi? Karan dafi da dukawa ke rina fata ja da shi, shi ne mata ke jiƙawa suna cewa yana ƙara jini. Bagaruwar da majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da ita, fatar da ta riƙa tsallaka Sahara ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko, ita ce kuma ake tafasawa don ciwon ciki da na dasashi. Sabara ta mai jego ce. Zogale daga Indiya ya zo. Dogon yaro ma haka, sai a 1928 aka fara dasa shi a Barno.

Nan kuma sai a yi hattara, don abincin wani gubar wani. A 2015 wata Basiniya, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel saboda maganin zazzaɓin cizon sauro da ta ciro daga wani ɗan'uwan tazargade. Wani tsohon littafi na ƙarni na huɗu ne ya nuna mata hanya, inda aka ce a jiƙa ganyen a matse, ba a tafasa ba, sai ta gane zafi na lalata sinadarin. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2019 cewa ba ta goyon bayan shan jiƙon ganyen a madadin ƙwayar magani, domin ba a san adadin da ke cikin kofi ba, kuma in ya gaza ƙwayar cutar na iya sabawa da shi. Baƙin shayi kuma in an kora abinci da shi yana rage ƙarfen da jiki ke tsotsa daga hatsi da ganye, don haka mai ƙarancin jini ya bari sai bayan awa guda. Mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin hawan jini ko na suga, su tambayi likita kafin su ɗora wa kansu tsimi. Filasko kuwa ba na kullum ba ne.

Haka ma damuwa. Hula da faifai suna rage nauyin yini, amma wanda barci ya ƙaurace masa makonni, abinci ya fita ransa, ya daina son shiga mutane, allura da zare ba za su ishe shi ba. Akwai asibitin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kware, nan cikin jihar Sakkwato, kuma tun Janairun 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

Mai karatu, in akwai tsohuwa a gidanku da ta iya kaɗi ko saƙar faifai, ko dattijon da ya iya tufka, ka je ka zauna ya koya maka tun idonsa na gani. In za ka tafi, ka riƙe masa citta da kanumfari.