Hasashen Kyautar Grammy a Fannin Kiɗan Rawa na Lantarki

Hasashen Kyautar Grammy a fannin kiɗan rawa na lantarki shi ne ƙoƙarin da 'yan jarida da masu sharhi kan waƙa da masoya kiɗa ke yi kowace shekara na faɗin wanda zai lashe kyautar kafin ranar bikin. Ƙungiyar Recording Academy ta ƙasar Amurka ce ke bayar da kyautar Grammy tun shekarar 1959. Kiɗan rawa na lantarki kuwa kiɗa ne da ake haɗawa da kwamfuta da na'urori, wanda DJ ke sakawa a gidajen rawa da manyan bukukuwa. Mujallu irin su Billboard da shafin Gold Derby suna wallafa irin wannan hasashe bayan an fitar da sunayen 'yan takara, yawanci a watan Nuwamba, kafin bikin da akan yi a farkon shekara mai zuwa.

Tarihin rukunan

A shekarar 1980 an bayar da kyauta ga kiɗan disko, inda Gloria Gaynor ta lashe da waƙar "I Will Survive", amma aka soke rukunin bayan shekara ɗaya kacal. Sai a 1998 aka buɗe rukunin waƙar rawa mafi kyau, wanda Donna Summer da Giorgio Moroder suka fara lashewa da waƙar "Carry On". A wannan shekarar ce kuma aka fara karrama masu sake haɗa waƙa, kuma Frankie Knuckles, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan house na birnin Chicago, shi ne ya fara samu.

A 2005 aka ƙara rukunin kundin waƙoƙi mafi kyau, wanda ƙungiyar Basement Jaxx ta Ingila ta lashe da kundin "Kish Kash". A 2024 aka ware rukuni na musamman ga waƙoƙin pop na rawa, Kylie Minogue ta lashe shi da "Padam Padam". Wannan rabuwa ta rage yadda manyan mawaƙan pop ke gogayya da masu haɗa kiɗa a rukuni ɗaya.

Yadda ake zaɓe

Ba jama'ar gari ne ke jefa ƙuri'a ba, kuma ba a duba yawan ciniki wajen yanke hukunci. Masu zaɓe dubban mambobin ƙungiyar ne: mawaƙa, marubuta waƙa, makaɗa, masu haɗa kiɗa da injiniyoyin sauti. Ana yin zaɓen zagaye biyu. A na farko ake fitar da 'yan takara, galibi biyar a kowane rukuni na wannan fanni, a na biyu kuma ake fitar da gwani.

A da akwai kwamitocin sirri da ke tace sunayen 'yan takara a rukunai da yawa. An soke su a 2021, bayan ƙorafin da ya biyo bayan rashin sanya sunan mawaƙi The Weeknd a kowane rukuni. An kuma taƙaita wa kowane mamba jefa ƙuri'a a rukunai goma cikin fannoni uku, baya ga manyan rukunan da kowa ke zaɓa. Manufar ita ce kowa ya yi zaɓe a inda ya ƙware. Saboda haka mai hasashe ba ya tambayar waƙar da ta fi tashe a gidajen rawa, tambayarsa ita ce sunan da waɗannan mambobi suka sani kuma suke girmamawa.

Alamomin da ake dubawa

Alama ta farko ita ce sanin suna. A shekarun farko manyan mawaƙan pop ne suka mamaye rukunin waƙa: Madonna a 1999, Cher a 2000, Janet Jackson a 2002, Britney Spears a 2005, Justin Timberlake a 2007 da 2008, Lady Gaga a 2010, sai Rihanna a 2011. Kafin 2012, duk wanda ya zaɓi sunan da ya fi shahara a jerin yakan dace a mafi yawan lokuta.

Alama ta biyu ita ce nasarar baya. Mambobin ƙungiyar sukan koma ga wanda suka taɓa zaɓa. Skrillex ya lashe kyautuka uku a 2012, uku a 2013, biyu a 2016 tare da Diplo, sannan ɗaya a 2024 da waƙar "Rumble", jimilla tara. Ƙungiyar The Chemical Brothers ta lashe rukunin kundi sau uku, a 2006 da 2008 da 2020.

Alama ta uku ita ce fitowa a babban rukuni. Idan kundi ya shiga takarar kundin shekara, hakan na nuna yana da magoya baya a faɗin ƙungiyar. "The Fame" na Lady Gaga, "Random Access Memories" na Daft Punk, "Renaissance" na Beyoncé da "Brat" na Charli XCX duk sun shiga wannan takara, kuma duka huɗun sun lashe rukunin kundin rawa. Na Daft Punk ya haɗa har da kyautar kundin shekara a 2014. Nasarar Beyoncé a 2023 ita ce kyautarta ta 32, wadda ta sa ta zarce Georg Solti mai 31.

Alama ta huɗu ita ce haɗa rukunai biyu. Daga 2005 zuwa 2025 an yi biki sau 21, kuma a goma daga ciki mai kiɗa ɗaya ne ya ɗauki kyautar waƙa da ta kundi a dare ɗaya, kamar Kaytranada a 2021 da Fred again.. a 2024. Don haka wanda sunansa ya fito a rukunan biyu yakan zama kan gaba a hasashe.

Inda hasashe ke kuskure

Farin jini a wurin masu sauraro ba ya tabbatar da nasara. Avicii ya shiga takara sau biyu bai samu ba, har da waƙarsa "Levels" a 2013. Deadmau5 ma ya sha shiga takara ba tare da nasara ba. David Guetta ya samu kyautukansa biyu ne a rukunin sake haɗa waƙa, a 2010 da 2011.

Wani lokaci kuma mambobi kan karrama tsofaffin hannu. Aphex Twin ya lashe da kundin "Syro" a 2015, ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus, wadda ta fara aiki tun 1970, ta lashe a 2018. A 2022 Black Coffee na Afirka ta Kudu ya lashe da kundin "Subconsciously", ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyauta a wannan rukuni.

Matakin fitar da 'yan takara ya fi wuyar hasashe. A bikin 2013 sunan Al Walser, wanda mafi yawan masu bin wannan kiɗa ba su san shi ba, ya fito tare da na Skrillex da Avicii da Calvin Harris da Swedish House Mafia, bayan ya tallata waƙarsa kai tsaye ga mambobin ƙungiyar. Lamarin ya jawo ce-ce-ku-ce kan yadda neman ƙuri'a ke tasiri a rukunan da masu zaɓe ba su da yawa.

Muhimmanci

Kyautar na ƙara wa mai kiɗa daraja a wurin masu shirya bukukuwa da kamfanonin waƙa. Haka kuma jerin waɗanda suka lashe ya zama ma'aunin yadda masana'antar waƙa ta Amurka ke kallon wannan kiɗa. Masu suka na cewa ƙungiyar ta fi karkata ga sunayen da suka riga suka yi fice, tana barin ƙananan salo irin su techno da trance a baya. Masu kare ta kuma na kafa hujja da nasarar Aphex Twin da Kaytranada da Black Coffee a matsayin shaidar cewa ƙofar tana ƙara buɗewa.