Me ya sa shafi na 500 ke jan ƙafa?

Ɗan kasuwar Mokolo a Yaounde da ke duba jerin kayansa a manhaja ya san abin: shafin farko nan take, na 500 kuwa sai jira. Ba kullum ne laifin rezo ba. In kowane shafi layi 20 ne, umarnin OFFSET kan sa rumbun bayanai irin PostgreSQL ko MySQL ya bi layi 9,980 ya watsar, kafin ya kawo ashirin ɗin da ake nema.

Gara manhajar ta riƙe lambar layin ƙarshe da ta nuna, ta nemi ashirin da ke biye da shi. Matuƙar lambar tana da fihirisa, rumbun zai dira wurin kai tsaye. Sai dai fa babu tsallake zuwa shafin da aka ga dama, gaba ko baya kawai.