Hoto Ya Yi Dishi-dishi: A Sake Kyamara Ko A Sake Dabara?

Yau zancenmu a kan kyamara ne, musamman ga wadda ta riga ta mallake ta, tana kuma tunanin ta rabu da ita ta sayi sabuwa. A zamanin nan ba abin mamaki ba ne a ga mace rataye da kyamara a gidan biki. Akwai wuraren da ba a so namiji ya kutsa, kamar wajen sa lalle da kamu da yinin suna a cikin gida, to a nan mace mai ɗaukar hoto take cin kasuwarta. Akwai kuma uwargidan da ba sana'a take yi ba, so kawai take ta ajiye hotunan 'ya'yanta tun suna rarrafe. Ga kuma 'yan makaranta masu ɗaukar hoton wasanni da ranar rabon kyauta.

Kukan da ya fi yawa a bakin waɗannan duka shi ne hoto ba ya fita tar. Amarya ta shigo, an ɗauka, an duba, sai ga fuskarta dishi-dishi, bangon da ke bayanta kuwa fes. Biki kuwa ba a maimaita shi. Nan da nan sai masu ba da shawara su ce ai kyamarar ce ta tsufa, a sayi ta zamani wadda ta fi iya saiti. To, uwargida, sabuwar kyamara tana iya lashe kwasar adashinki gaba ɗaya, har ta taɓa jari. Saboda haka kafin ki kwance bakin zane, ya kamata ki san ainihin ciwon, don kada ki sayi maganin cutar da ba ita ke damunki ba.

Yadda kyamara ke saita hoto

A da, mai hoto da hannunsa yake murɗa gilashin gaban kyamara har sai abin da yake so ya fito sosai. A shekarar 1977 kamfanin Konica na ƙasar Japan ya fito da C35 AF, kyamara ta farko da aka sayar wa jama'a da yawa wadda ke yin wannan saiti da kanta. A 1985 kuma Minolta ta kawo 7000, wadda ta shigar da dabarar cikin manyan kyamarori masu canjin gilashi. Wannan saiti na kai-da-kai shi masu hoto ke kira otofokos.

Hanya biyu kyamara ke bi. Ta farko lalube ce: takan tura gilashi gaba, ta dawo da shi baya, har ta sami inda hoto ya fi fita. Wannan tana da jinkiri. Ta biyu kuwa kamar yadda idanunmu biyu ke auna nisa ne: takan kwatanta haske daga gefe biyu na gilashi, nan take ta san inda za ta nufa da kuma iyakar tafiyar. Amma fa dukkansu biyu sai da haske suke aiki, sai kuma da abin kamawa, wato inda fari ya haɗu da baƙi, kamar gira ko bakin ɗankwali. Shi ya sa kyamara kan yi ta kai da kawowa a ɗaki mai duhu ko a jikin farin bango.

Dishi-dishi iri uku ne

Ki buɗe hotunan da suka ɓaci a kwamfuta, ko ki ƙara girmansu a allon kyamara, ki duba su da kyau.

Idan kin ga kome da kome ya girgiza, mutum da kujera da bango, to hannunki ne ya motsa. Idan kuma kujera da bango sun fita sosai amma yaron da ke gudu ya yi jirwaye kamar an goga masa tsumma, to shi ne ya motsa, kyamara kuwa ba ta ƙifta da sauri ba. Amma idan mutum yana tsaye cik, ba jirwaye, fuskarsa ta yi laushi, labulen da ke bayansa ko farantin da ke gabansa ya fita tar, to wannan shi ne kuskuren saiti.

Ki lura da wannan sosai, 'yar'uwa, domin a nan kuɗin mutane ke salwanta. Iri na ɗaya da na biyu ba ruwansu da otofokos. Ko kin sayi kyamarar da ta fi kowace tsada, muddin ba ki gyara riƙo da saurin ƙiftawa ba, sau da yawa haka hoton zai fito. Iri na uku kaɗai ne otofokos ɗin sabuwar kyamara zai iya warkarwa, shi ma sau da yawa ana samun maganinsa ba tare da an sayi kome ba.

Abin da za ki gwada kyauta

Da fari, ki goge gilashi da ƙyalle mai laushi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: shatin yatsa mai maiƙo da ƙurar hunturu sun isa su sa hoto ya yi hazo.

Na biyu, saurin ƙiftawa. A cikin kyamara akwai ɗan ƙyaure mai buɗewa ya rufe, lambar da ke nuna saurinsa kuwa ita ce irin su 1/60 ko 1/500, wato kashi ɗaya cikin 60 ko cikin 500 na daƙiƙa. Ga mutanen da ke zaune, 1/125 ya wadatar. Ga yaro mai gudu ko mata masu rawa, ki nemi 1/500. In haske ya gaza, ki ƙara lambar ISO ko ki kunna filasha. Hoto mai ɗan yashi-yashi ya fi hoton da ba a gane fuska. Ki kuma riƙa manna gwiwar hannunki a jikinki lokacin ɗauka.

Na uku, kada ki bar kyamara ta zaɓar miki wanda za ta kama. In kika leƙa tagar ido za ki ga 'yan ɗigogi ko 'yan akwatuna, su ne wuraren saiti. In an bar ta da zaɓinta, takan fi kama abin da ya fi kusa, wanda sau da yawa kafaɗar wata ce da ta gitta. Ki zaɓi ɗigo ɗaya, ki ɗora shi a kan idon wadda kike ɗauka. A kyamarori irin su Canon 600D ta 2011, mai ɗigo 9, da Nikon D3200 ta 2012, mai ɗigo 11, na tsakiya ya fi sauran ƙarfi, shi za ki dogara da shi a cikin duhu. Irin waɗannan kuma in kina duban allon baya sukan koma hanyar lalube, don haka ki sa ido a taga, ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Na huɗu, akwai saiti na abin da ke tsaye, akwai na abin da ke tafiya. Na farkon Nikon da Sony suna rubuta shi AF-S, Canon kuma One Shot: yana kamawa sau ɗaya ya tsaya. Na biyun shi ne AF-C, a Canon masu madubi kuma AI Servo: yana bin mutum muddin yatsanki na kan maɓalli. Wadda ta ɗauki amarya tana tahowa da saitin abin da ke tsaye, kafin ta danna amarya ta riga ta wuce inda aka kama.

Na biyar, kamfanoni sukan sabunta manhajar cikin kyamara kyauta. A 2019 Nikon ta ƙara wa Z6 da Z7 dabarar gane ido ta wannan hanya, Sony ma ta inganta ta A7 III a wannan shekara. Ki sa wanda ya iya ya duba miki ko taki tana da irin wannan.

Gilashi kafin kyamara

In kin yi waɗannan duka amma duhun ɗaki yana kayar da ke, to ki fara tunanin gilashi. Wanda aka saba haɗowa da kyamara, wato 18-55mm, in an jawo abu kusa ƙofar haskensa takan tsuke zuwa f/5.6. Gilashin 50mm mai f/1.8 kuwa yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan, kuma yana cikin mafi araha a wajen Canon da Nikon. Da shi za ki sami saurin ƙiftawa a inda da ba ki samu. Sai dai in an buɗe shi duka, wurin da ke fita tar kaɗan ne, saboda haka in jama'a za ki ɗauka sahu-sahu sai ki tsuke shi.

Yaushe sabuwa ta cancanta?

Kada a ce na kushe sababbin kyamarori. Gaskiya sun yi nisa. Tsofaffin suna da madubi a ciki, ɗigoginsu kuma a tsakiya suka taru. Sababbin marasa madubi suna yin saiti a kan farantin da ke ɗaukar hoton, ɗigoginsu sun bazu kusan ko'ina. Sony A7 III ta 2018 tana da 693, a6400 ta 2019 tana da 425. Abin da ya fi yawan ɗigo amfani kuwa shi ne suna gane fuska da ido, su bi mutum duk inda ya juya. Canon R50 ta 2023 da Nikon Z50II ta 2024 ƙanana ne, amma suna da wannan dabara.

To ga gwaji, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Bayan kin gyara abubuwan da muka lissafa, ki ɗauki hoto 100 na irin aikin da kika saba, ki ware waɗanda kuskuren saiti kaɗai ya ɓata. In 'yan kaɗan ne, kuma na gida kike ɗauka, ki riƙe abinki, da tsohuwar zuma ake magani. In kuwa suna da yawa, aikinki kuma na kuɗi ne, mutane na motsi, haske kaɗan, ko kuwa kina haɗawa da bidiyo, to kyamarar ce ta kai iyakarta. Mai sana'ar da ta rasa hoton shigowar amarya sau biyu, a biki na uku wata za a kira. A nan sayen sabuwa jari ne. In kuma kin ga kullum kyamara tana kama bayan abin da kika ɗora wa ɗigo, ko da bai motsa ba, ki fara kai ta wajen mai gyara.

Lissafin da ake mantawa

Kuɗin kyamara ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Gilashin tsohuwa ba ya hawa sabuwa marar madubi sai da mahaɗi, EF-EOS R a Canon, FTZ a Nikon, kuma wasu tsofaffin gilasan Nikon ba sa saita kansu a kan FTZ. In kika sauya kamfani kuwa, kusan daga farko za ki soma tara kaya. Marasa madubi kuma sun fi shan batir: bisa awon kamfanoninsu, Nikon D3500 tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, a6400 kuwa wajen 400. Ga halin wutar lantarki kin sani, don haka ki sa batir na biyu cikin lissafi. A yawancinsu kuma farantin hoto a buɗe yake in an cire gilashi, sai a yi hattara da ƙura.

In ta hannu za ki saya, ki sa a duba miki yawan hoton da ta taɓa ɗauka, domin ƙyauren ƙiftawa yana gajiya. Ki je da katin ajiyarki, ki sa wani ya taho wajenki yana tafiya a cikin inuwar kanti, ki ɗauka, ki koma gida ki duba a natse. In za ki sami aro ko haya ta yini ɗaya, ya fi. Sa'an nan ki zauna da maigida ku ƙidaya biki nawa za ki ɗauka kafin kuɗin ya dawo.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku matsa wa iyaye don kun ga ta wata. Wadda ta koyi zaɓen ɗigo da auna haske a kan tsohuwar kyamara, ranar da ta riƙi sabuwa ba mai kama ƙafarta. Daidai ruwa daidai tsaki. Sai mun sake saduwa, a gaida yara.