Malamin Gona na Gunduma a Amurka da Abin da Manoma Ke Nema a Wurinsa

Ƙasar Amurka tana da gundumomi fiye da dubu uku, kuma gunduma a tsarin mulkinsu ita ce yankin da ke ƙarƙashin jiha, wato abin da ya fi kusa da ƙaramar hukuma. A kusan kowace gunduma akwai ofishin malamin gona, mutumin da aikinsa shi ne ɗauko sakamakon binciken jami'a ya kai shi gona, sannan ya ɗauko matsalar gona ya mayar da ita jami'a. Shi wannan malami ma'aikacin jami'ar aikin gona ta jiharsa ne, amma kuɗin gudanar da aikinsa daga wurare uku suke fitowa, gwamnatin tarayya da jiha da gunduma, kuma wannan rabon ɗawainiya ne ya sa manomi yake kallonsa a matsayin wanda harajinsa ke ciyarwa, yake kuma jin yana da ikon ya kira shi a waya ya ce masa ya zo ya duba masararsa.

Dokoki uku ne suka gina tsarin. A 1862 shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta ba kowace jiha filin gwamnati eka 30,000 a kan kowane wakili da take da shi a majalisar tarayya, domin ta sayar ta kafa kwalejin noma da sana'a. Dokar Hatch ta 1887 ta ƙara wa kwalejojin tashoshin gwaji, sai kuma dokar Smith-Lever ta 1914, wadda ta tanadi kuɗin tura malamai zuwa gundumomi. Tazarar shekara hamsin da biyu tsakanin ta farko da ta ukun tana nuna inda gizo ke saƙar: ilimi ya taru a kwaleji, ana buga ƙasidu ana shirya laccoci, amma galibin manoma suna ci gaba da noma yadda suka gada, domin ba su ga dalilin da zai sa su yi caca da abincin shekara a kan maganar wanda bai taɓa taka ƙasarsu ba.

Wanda ya fi kowa fahimtar wannan shi ne Seaman Knapp. A 1903, lokacin da wani ƙwaro mai huda 'ya'yan auduga, wanda ya tsallako daga Meziko wajen 1892, yake barazana ga tattalin arzikin Teksas, Knapp ya shawo kan wani manomi mai suna Walter Porter, a kusa da garin Terrell, ya ware eka saba'in na gonarsa ya noma ta bisa shawarar masana. 'Yan kasuwar garin suka tara dala 1,000 suka ajiye, da sharaɗin cewa idan Porter ya yi asara za a biya shi. Ba a taɓa kuɗin ba, domin a ƙarshen shekara ya samu ƙarin kusan dala 700 a kan abin da zai samu da tsohuwar hanya. Muhimmin abu a nan shi ne gonar ta Porter ce, shi ya yi huɗa shi ya yi girbi, maƙwabtansa kuma sun san ƙasar da mai ita, saboda haka babu wanda zai ce gonar gwamnati ce da aka zuba wa kuɗi. Knapp ya yarda gani ya kori ji, amma ya ƙara da cewa abin da mutum ya yi da hannunsa ya fi ganin ma tabbas. Bayan shekara uku, a 1906, aka naɗa W. C. Stallings malamin gona na gundumar Smith a Teksas, wanda ake lissafa shi na farko da ya riƙe gunduma guda.

Daga wannan asali buƙata ta farko ta fito, kuma har yau ba ta canza ba: manomi yana so a nuna masa abu a irin ƙasarsa, da irin ruwan samansa. Idan ya kai samfurin ƙasa ofis, malamin ya riga ya koya masa yadda ake ɗiba, wato a zaga gonar a caka ƙarfen ɗibar ƙasa wuri goma sha biyar zuwa ashirin, zurfin inci shida zuwa takwas, a gauraya a bokitin roba mai tsabta, a cika ƙaramar jaka a rubuta lambar gona. Bayan 'yan kwanaki ɗakin gwaji zai aiko da takarda cike da lambobi, tana nuna tsamin ƙasa da yawan fosfarus da fotash. Manomin ya iya karanta lambobin, ba wannan ne ya kawo shi ba. Yana son wanda zai ce masa, bisa farashin taki na bana da amfanin da wannan gona ta saba bayarwa, zuba kaza ya isa, abin da ya wuce haka asarar kuɗi ce.

A nan ne babbar darajar malamin take, domin shi ba ya sayar da komai. Dillalin iri da na taki da na maganin feshi duk suna ba da shawara kyauta, wasunsu ma sun fi malamin sanin kayansu, amma kowanne yana da kason da yake samu idan an saya. Wani bincike da Bryce Ryan da Neal Gross suka wallafa a 1943 a kan yaɗuwar ingantaccen irin masara a jihar Ayowa ya gano cewa yawancin manoma daga bakin dillalai suka fara jin labarin irin, amma maƙwabta ne suka fi tasiri wajen sa su yanke shawarar shukawa, kuma da yawa sun fara ne da ɗan yanki kafin su cika gona. Malamin gona yana aiki ne a wannan gurbi na tsakanin ji da yarda, shi ya sa jami'o'i ke shuka irin kamfanoni daban-daban kafaɗa da kafaɗa a gonakin gwaji, su wallafa abin da kowanne ya bayar ba tare da duba sunan mai shi ba. Ranar da manoma suka fara zargin cewa kuɗin tallafin bincike da wani kamfani ke ba jami'a ya shiga bakin malaminsu, to ofishin ya rasa abin da ya bambanta shi da shagon dillali, kuma wannan zargi yana tasowa lokaci zuwa lokaci.

Buƙata ta biyu ita ce saurin amsawa idan abu ya ɓaci. Misali mai kyau shi ne abin da ya faru da wata ciyawa mai suna Palmer, 'yar uwar alayyafo, wadda ke iya tsawon inci biyu a rana, kuma tushe ɗaya yana zubar da ɗaruruwan dubban iri. A tsakiyar shekarun 2000 aka tabbatar a jihar Jojiya cewa maganin ciyawa na Roundup ya daina kashe ta. Kamfanoni suka fito da waken soya da auduga masu jure wani magani da ake kira dikamba, sai dai shi wannan magani yana iya tashi kamar tururi bayan feshi, iska ta kai shi gonar maƙwabci wanda bai shuka irin mai jurewa ba. A daminar 2017 manoma suka yi ta kiran malaman gona su zo su ga waken soyarsu, sabbin ganyayyaki sun naɗe gefe sun zama kamar ludayi, sun yi tamoji-tamoji, tsiron ya tsaya cak. Ƙiyasin da wani masanin ciyawa na jami'ar Missouri ya tattara daga takwarorinsa na jihohi ya nuna gonakin waken soya da abin ya shafa sun kai eka miliyan 3.6.

Irin wannan kira yana da wuyar sha'ani, domin mai ƙorafi da wanda ake zargi duk mutanen malamin ne, wataƙila ma coci ɗaya suke zuwa. Malamin yana iya cewa alamar nan ta dikamba ce, ya nuna yadda ake ɗaukar hoto da rubuta kwanan wata, ya faɗi inda ake kai ƙara, amma ba shi da ikon bincike ko cin tara, wannan aikin ma'aikatar gona ta jiha ne. Rashin wannan iko, wanda wani zai ɗauka rauni ne, shi ne ke buɗe masa ƙofar gona, domin manomi yana nuna wa malamin kuskurensa ne kawai idan ya tabbata maganar ba za ta koma takardar tuhuma ba.

Akwai kuma tarin ayyukan takarda da na iyali da suka rataya a wuyan ofishin. Manomin da zai sayi magungunan feshi masu haɗari sai ya samu takardar shaida, horon kuma galibi a wurin malamin ake yin sa. Idan majalisa ta fitar da sabuwar dokar tallafin noma, shi ake jira ya kira taro ya warware ta, al'adar da ta samo asali tun 1933, lokacin da aka ɗora wa malaman gona aikin lallashin manoma su lalata wani kaso na audugar da ta riga ta tsiro domin farashi ya tashi. Ƙungiyar matasa ta 4-H, inda yara ke kiwon maraƙi ko tunkiya su kai gasar baje kolin gunduma, ita ma a ƙarƙashin ofishin take. A shekarun 1980, da bashi ya ci gonaki masu yawa, jami'ar jihar Ayowa ta buɗe layin waya a 1985 domin manoman da ke cikin ƙunci, kuma tun daga nan ake sa ran malamin ya iya gane mutumin da ya zo da tambayar taki alhali damuwarsa ta fi taki girma.

Tambayar da tarihin wannan aiki bai amsa da kyau ba ita ce wane manomi ake nufi. A 1911, a gundumar Broome ta jihar New York, ƙungiyar 'yan kasuwar Binghamton da wani kamfanin jirgin ƙasa suka taimaka aka ɗauki malamin gona, kuma daga irin ƙungiyoyin da aka kafa don tallafa wa malaman ne babbar ƙungiyar manoma ta Farm Bureau ta fito a 1919. Dangantakar ta yi ƙarfi har ana ganin malamin kamar ɗan aiken manoma masu hali, sai a 1954 ma'aikatar gona ta tarayya ta ba da umarnin raba su. A kudu kuwa aikin ya kasance a rabe bisa launin fata. Thomas Campbell na kwalejin Tuskegee ya fara aiki a Alabama a 1906, yana yawo da keken doki ɗauke da kayan koyarwa, amma baƙaƙen malamai sun daɗe suna karɓar albashi ƙasa da na farare, batun da ya kai har kotun ƙoli a 1986 a wata shari'a daga Karolina ta Arewa. Littafin Jim Hightower na farkon shekarun 1970 ya zargi jami'o'in da yi wa manyan kamfanoni hidima. Zargin yana da zafi, amma yana da tushe, domin malamin da ake auna ƙwazonsa da yawan ekar da ta karɓi sabuwar dabara zai karkata ga mai eka dubu ko bai yi niyya ba.

Yau lissafin ya juya. Gonakin Amurka sun ragu daga miliyan 6.8 a 1935 zuwa kusan miliyan 1.9 a ƙidayar 2022. Babban manomi yana da digiri, yana biyan mai ba da shawara na kansa, idan kuma yana da tambaya mai zurfi yakan tsallake gunduma ya kira farfesa kai tsaye. Masu cika ofishin yanzu su ne masu 'yan ekoki, da sababbin shiga noma, da mazauna gari masu lambun bayan gida, waɗanda yawan tambayoyinsu ya sa aka ƙirƙiro shirin horar da 'yan sa kai a jihar Washinton a farkon shekarun 1970. Da kuɗi suka yi ƙaranci, Minesota a 2004 da Ayowa a 2009 suka mayar da yawancin aikin zuwa cibiyoyin shiyya, inda ƙwararre ɗaya ke kula da gundumomi da yawa. Ta fuskar ilimi an samu riba, domin mutum ɗaya ba zai ƙware a cutar shanu da ciyawa da dokar gado a lokaci guda ba, amma manoma da dama suna ganin an ɗauke musu wanda ya san hanyar gidansu.

Wannan tsari yana da alaƙa ta gaskiya da arewacin Najeriya, domin a shekarun 1960 jami'ar jihar Kansas, ɗaya daga cikin kwalejojin dokar Morrill, ta taimaka wajen gina tsangayoyin aikin gona da likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a Samaru cibiyar bincike da ta yaɗa ilimin noma suna zaune kusa da juna. Sai dai malamin gona da manomin Funtuwa ko Gusau ko Gombe ya sani tun shirye-shiryen Bankin Duniya na tsakiyar shekarun 1970 ma'aikacin hukumar jiha ne, umarni daga sama yake zuwar masa. A Ayowa kuwa kowace gundumar aikin tana da majalisar mutum tara da jama'a ke zaɓa a ranar babban zaɓe, su ke tsara kasafin ofishin daga harajin kadarorin yankin, su ke ɗaukar ma'aikatan gunduma, kuma manomin da ya kira sau biyu ba a zo ba yana iya halartar zamansu na gaba ya faɗi haka a gaban kowa.